Yadda Tsoho Gau Ya Zama Maƙwabcin Dila

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Can ƙasar Sin, mutane ba sa haƙa kabari inda suka ga dama. Sai sun duba ta ina iska ke bugowa, ta ina ruwa ke bi. Suna kiran wannan sani feng shui, wato iska da ruwa. A ganinsu, in mamaci ya kwanta a wuri mai kyau, zuriyarsa za ta yi albarka. In wurin ya ɓaci, jikoki su sha wuya.

To, akwai wani Dila da ke zaune a gindin wani dutse. Dutsen na bayansa yana tare masa iskar arewa. Rafi na gabansa, ya lanƙwasa kamar lauje. Ƙofar raminsa na kallon kudu, rana na shigowa har ƙurya.

Rannan Dila ya hango wani tsoho mai suna Gau, da sanda a hannu, tabarma a hammata, yana ta dube-dube.

Dila ya ce, "Sannu Baba. Me ya ɓace?"

Tsoho ya ce, "Makwancina nake nema tun da raina, don jikokina su ji daɗi bayana. Duk inda na gani, sai na shimfiɗa tabarma na gwada."

Dila ya yi lissafi. In tsohon nan ya ga gidansa, shi ke nan, sai dai ya kwashe 'ya'yansa su shiga duniya. Sai ya yi maza ya ce, "Baba, ka yi sa'a. Kaf ƙasar nan ba wanda ya san iska da ruwa kamar ni. Biyo ni."

Ya kai shi can saman dutse. Tsoho ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Iska ta zo fuu, ta yi gaba da hularsa.

Tsoho ya ce, "Malam Dila, iskar da ba ta bar hula ba, za ta bar albarka?"

Dila ya gangaro da shi fadama. Tsoho ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Ruwa ya tsattsafo ya jiƙe masa baya sharkaf, kwaɗo ya hau kan cikinsa.

Tsoho ya ce, "Malam Dila, kabari na ce, ba wanka ba."

Dila ya zagaya da shi bayan dutse, inda rana ba ta leƙawa. Tsoho ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Nan take haƙoransa guda biyu da suka rage suka fara haɗuwa don sanyi.

Tsoho ya ce, "Malam Dila, nan ko gawa sai ta yi mura."

Tsoho ya naɗe tabarmarsa, ya ce ya haƙura, zai koma gida. Dila ya ji daɗi har cikin ransa. Kun san mai wayo in ya ga ya ci nasara, bakinsa ba ya rufuwa.

Ya ce, "Haƙuri, Baba, zuriya ai rabo ce. Ni 'ya'yana tara, duk sun yi ɓul-ɓul, ko tari ba wanda ya taɓa yi."

Tsoho ya tsaya cak. Ya ce, "To, kai kakanka ina yake kwance?"

"Nan bayan gidanmu mana."

Sai da maganar ta fita Dila ya ji ta.

Tsoho ya ce, "Kai ni in gaishe shi."

Ba yadda Dila zai yi, ya wuce gaba yana jan wutsiya. Da suka isa, tsoho ya dubi dutse, ya dubi rafi, ya dubi rana. Ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Kafin ka ce me, sai minshari.

Da ya farka, ya tarar da Dila yana share hawaye. "Baba, ina zan kai yaran nan?"

Tsoho ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce ka tashi? Faɗin tabarmar nan kawai nake so, kuma ni maƙwabci ne marar hayaniya. Duk shekara jikokina za su zo share kabari, su ajiye mini dafaffiyar kaza. Ka taɓa ganin mamaci ya ci kaza?"

Dila ya goge ido, ya lashi baki, ya ce, "To Baba, yaushe za ka tare?"

Tsoho ya ɗaga sanda, Dila ya faɗa rami.

Shi ya sa a tatsuniyar nan dila ba ya nisa da maƙabarta: kazar maƙwabci yake jira. Ku kuma ku riƙe wannan: abin alherin da kake ɓoyewa don tsoro, wataƙila in ka raba shi ƙaruwa za ka yi.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare.