Batirin da Ya Kwana a Aljihun Anjima

Kai, wannan yarinya da bakin tambaya! Ina ruwanki da dalilin da ya sa ake ce wa dattijo Anjima? Sa'anki ne? Mutum da furfurarsa ya wuce ta ƙofar gida, maimakon ki rusuna ki gaishe shi, sai ki zo kina tonon asalin sunansa. Ke da tun la'asar na ce ki wanke kwanukan nan kika ce min "yanzu", ga su can ƙuda na shagali a kansu. To, tunda kin tono, zauna. Ku ma ku matso, kowa ya kama min bakinsa. Ni ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta sai dai a nuna min, amma shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Abin da zan faɗa muku babu littafin da zai ƙaryata ni.

Anjima makaɗin fiyano ne, kuma a zamanin ƙuruciyarsa gwani ne na gaske. Hannu dai Allah Ya ba shi. Ba ya sata, ba ya faɗa, ba a taɓa jin zagi a bakinsa ba. Aibinsa ɗaya ne tak: duk abin da aka ce ya yi, sai ya yi murmushi ya ce, "An jima." Waya ta fara tsagewa, sai ya naɗe ta da salatif, an jima zai sayi sabuwa. Kusa ta kwance a ƙafar ƙarfen da yake ɗora kayansa, sai ya cusa kwali ya tokare. Tun abokan kiɗansa suna faɗa har suka gaji, suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya amsa da fara'a.

In ya je wurin aiki, ko ɗakin taro ko situdiyo, fiyano biyu yake jerawa a kan ƙafar ƙarfe mai hawa biyu. Sabon yana sama, marar nauyi, shi ke ba shi muryar sarewa da ta goge. Tsohon yana ƙasa, baƙi, mai nauyi kamar buhun siminti, haƙoransa farare har sun koma ruwan ƙwai don tsufa. Abin takawa yana ƙarƙashin ƙafarsa ta dama, lasifika a gefen hagu, jakar wayoyi a bayan kujera. Masu sauraro sabon suke kallo. Waɗanda suka san kiɗa kuwa tsohon suke saurare, don muryarsa mai kauri ce, tana cika ɗaki ba tare da ta yi ihu ba.

Wannan tsohon fiyanon gadon mahaifinsa ne, wanda shi ma makaɗi ne. Kuma akwai ajiya a cikinsa. Irin fiyanon nan ne mai riƙe abin da aka kaɗa: in ka danna wani maɓalli ya haddace, gobe ka danna ya maimaita maka daidai yadda yatsu suka taka. Wata safiya, shekara guda kafin rasuwarsa, mahaifin nasa ya zauna yana kaɗa wani sanyayyen kiɗa da ya shirya wa matarsa, Inna, fiyanon yana haddacewa. Yana tsakiya sai Inna ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Maigida, shayinka fa zai huce, ni kuma ba zan sake ɗumama maka ba." Tsohon ya ɗauke hannu cak, ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Fiyanon bai ɗauki muryar Inna ba, shi taɓin yatsa kaɗai yake riƙewa. Amma ya riƙe shirun.

Bayan rasuwar tsohon, kullum da safe Anjima yakan kunna wa Inna kiɗan a ɗakinta, ya fita tsakar gida ya miƙe ƙafa. Inna ta zauna da kofinta tana ji. In aka zo wurin shirun, sai ta faɗi maganar nan a hankali, kamar yadda ta faɗe ta ranar farko. Tana rufe baki, kiɗan ya ɗora. Shekara bakwai ana haka. Anjima ya san akwai shiru a tsakiyar kiɗan, amma bai taɓa zama ya ji abin da ake sakawa a cikinsa ba. Mayar da fiyanon kan teburin Inna bayan an tashi aiki shi ne kaɗai abin da ba ya ce wa an jima, shi ma don ya san zai tarar da ita a bakin ƙofa ne.

Ana nan sai wani rubutu ya fara fitowa a ɗan gilashin fiyanon duk lokacin da aka kunna shi. Anjima ya gano cewa in ya danna wani maɓalli rubutun yana ɓacewa, sai ya mai da dannawar al'ada.

Wata rana da hantsi suna situdiyo, sun gama naɗar waƙa, sai ga Mai Dalma, mai gyaran kayan kiɗa, an kira shi ya duba wata lasifika. Ya ga tsohon fiyanon, ya kashe shi ya sake kunnawa don ya ji muryarsa, idonsa ya faɗa kan rubutun. Ya sauke tabarau.

"Mutumina, tun yaushe wannan yake fitowa?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Kwana biyun mutane, ko kwana biyunka?"

Mai gangar ƙungiyarsu ya fashe da dariya. "Tun matata tana da ciki, ranka ya daɗe. Yanzu ɗan har ya fara cizo."

Mai Dalma bai yi dariya ba. Ya ce, "Saurara da kyau. A cikin cikinsa akwai wani ɗan batir kamar kwabo. Shi ke riƙe da duk abin da aka ajiye in an zare wuta. Rubutun nan kuka yake maka, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ranar da ya mutu komai ya bi shi, har kiɗan tsohonka. Ka kawo min shi shago, in fara kwashe abin da ke ciki in zuba a kwamfuta, sannan in narka dalma in cire tsohon batirin in liƙa sabo, in mayar maka da ajiyarka. Aikin rabin wuni ne. Kada kuma ka yi karambanin cirewa da kanka."

Ya laluba akwatinsa ya ɗauko sabon batir a cikin ledarsa, ya danƙa masa a hannu. "Riƙe wannan a aljihu, ya riƙa sukarka yana tuna maka. Kai, ko yanzu ma, ga na'urar naɗa a kunne. Jona, ka danna, a ɗauki kiɗan tsohon a faifai. Minti biyar."

Anjima ya dubi wayar da ke hannunsa, wadda ya riga ya naɗe rabinta a gwiwar hannu.

"Ai na riga na zare waya," in ji shi. "An jima."

Batirin ya shiga aljihun rigar da yake sawa in zai je kiɗa. Sau uku a mako Anjima yake wuce ƙofar shagon Mai Dalma, fiyanon yana kwance a bayan mota. Mai Dalma ya ɗaga masa hannu, ya nuna aljihu. Anjima ya taɓa aljihun, ya yi murmushi, ya ɗaga murya: "Inna ba ta yarda ya wuni a waje haka kawai! An jima dai!" Ya sami inuwar fakewa.

Inuwar ba ta daɗe ba. Ƙanwarsa ta haihu a wani gari, Inna ta shirya za ta je ta yi mata wata guda. Ranar tafiya ta tsaya a gaban fiyanon, ta shafa shi da gefen mayafinta.

"Na ji abin da mai gyaran nan ya faɗa, matar mai ganga ta gaya min. Da ni kake fakewa, ko? To ga shi na ba ka wuri. Ka kai shi."

"Inna, kamar an yi an gama."

"Ban ce kamar ba. Na ce ka kai shi."

"Yau ɗin nan, in na dawo daga tasha."

Da ya dawo daga tasha rana ta take, ya ce bari ta yi sanyi. Da ta yi sanyi ya ce ai yanzu an kusa rufe shago. Daga nan kuma sai ya gano wani daɗi: tunda Inna ba ta nan, me zai sa ya riƙa kinkimar buhun siminti? Ya lulluɓe tsohon fiyanon da zane, ya koma zuwa aiki da sabon kaɗai, yana tafe yana fito. Mai ganga ya ce kiɗan ya rame, Anjima ya ce kunnensa ne ya tsufa.

Kwana ashirin da tara suka wuce haka. Sai da aka aiko cewa gobe Inna za ta iso, sannan ya farga. Ya tashi da sassafe, ya kinkimi fiyanon, sai ga shi a shagon Mai Dalma yana haki.

"Yau da rabon za a yi ruwa," in ji Mai Dalma. Ya share tebur, ya jona wuta, ya kunna.

Rubutun nan bai fito ba. Wani ne daban ya fito. Mai Dalma ya danna nan, ya danna can, ya shiga inda ake ajiya, ya duba gurbi na ɗaya har na ƙarshe. Sannan ya sauke tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Babu kowa a gidan."

"Sake dubawa."

"Na duba sau biyu. Batirin ya mutu, ya tafi da komai. Ba a fafe gora ranar tafiya, mutumina."

Anjima ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon batirin. Ledarsa ta yi laushi don yawan shan wanki, amma shi yana nan garau, yana ƙyalli. Ya miƙa wa Mai Dalma. Can ya ce, "Saka shi. Ai na san kiɗan, sau dubu nawa na ji shi ta taga. Zan kaɗa da hannuna ya haddace. Inna ba za ta gane ba."

"Sakawa zan saka, aikina ne. Amma kada ka ɗora ƙarya a kan lalaci, kayan zai yi maka nauyi. Je ka gaya wa tsohuwa gaskiya."

Bai ji ba. Da aka saka batirin ya koma gida, sauran wunin ya zauna a ɗakin Inna yana kaɗawa yana gogewa, har sau goma sha. Kuma a faɗi gaskiya, ya kaɗa da kyau. Ya tausasa inda tsohon yake tausasawa, ya ja inda yake ja. Da ya zo tsakiya ya tuna akwai shiru, ya ɗauke hannu, ya ja numfashi ɗaya, ya ɗora. A kunnensa babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Inna ta iso da yamma a gajiye. Washegari da safe ta haɗa shayinta, ta zauna a kujerarta, ta ce, "Kunna min, na yi kewarsa." Anjima ya danna. Ranar bai fita tsakar gida ba, ya rakuɓe a bakin ƙofa.

Kiɗan ya fara. Inna ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Anjima ya fara samun numfashi. Aka zo tsakiya, aka yi shiru. Sai ya ji abin da bai taɓa ji ba a shekara bakwai, muryar mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa:

"Maigida, shayinka fa zai..."

Kiɗan ya ɗora a kan maganarta.

Mutumin da ya yi wa duniya duka jinkiri, a nan kaɗai ya yi sauri. Inna ta buɗe ido. Ba ta dubi ɗanta ba, fiyanon ta duba. Ta bari kiɗan ya kai ƙarshe, ta ajiye kofin a hankali.

"Babanku bai taɓa katse min magana ba," in ji ta. "Hannun wa ye wannan?"

Anjima ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga rubutun gilashi har batirin aljihu. Yana jira ta yi faɗa, yana ma fatan ta yi, don faɗa yana wucewa. Ba ta yi ba.

"Kaɗinka ya yi kyau, hannunka ya nuna," in ji ta. "Ashe dai yau ne babanku ya tafi. Ɗauke fiyanon daga ɗakina, ka je ka nemi abincinka da shi. Ba sai ka riƙa dawo da shi nan ba."

Ta tashi ta ɗauki kofin da shayin a ciki ta shiga ɗakin girki. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ba ta sake ce masa ya kunna mata komai ba, ba ta kuma taɓa goranta masa ba. Tun daga ranar, in aka ce taro ƙarfe huɗu ne, ƙarfe biyu za ka tarar da shi ya kafa kayansa, ya gwada kowace waya, da ta canji a jaka. Halin ya bar shi. Sunan ne ya ƙi barinsa, kuma bai taɓa roƙon a daina ba.

To, ga darasinku, ku buɗe kunne. Abin da zai lalace ba ya tafiya sai ya yi sallama, mu ne muke danna maɓalli mu kashe gargaɗin. Aikin rabin wuni da ka ce wa an jima yana iya cinye abin da shekara ɗari ba za ta dawo da shi ba, kuma sau da yawa ba kai mai lalacin ne za ka fi asara ba, wanda ya ba ka amana ne. Magani a aljihu ba magani ba ne sai an sha. In kuwa ɓarna ta riga ta auku, faɗi gaskiya tun da zafinta, don gwanintarka ba za ta rufe idon wanda ya san abinsa ba. Gobe in dattijon nan ya wuce, ku gaishe shi da ladabi, ya biya kuɗin karatunsa da tsada, ku kuwa kun samu a banza. Ke mai tambaya, tashi ki wanke kwanukan nan yanzu, yanzun mutane ba naki ba. Sauran kuma kowa ya nufi shimfiɗarsa. Kada in ƙara jin tari.