Carafken Hajiya Hansai

Akwai wata mata a Unguwar Rimi, Hajiya Hansai, mataimakiyar darakta a wata ma'aikata. Tun da mijinta ya rasu ta zama kamar ba ita ba. Ba ci, ba barci, a ofis ma sai dai ta zuba wa takarda ido har a tashi.

Aminiyarta Sadiya, wadda suka shekara ashirin a ofis ɗaya, ita ta zo mata wata Asabar da 'yan duwatsu ƙulle a bakin gyale.

"Sauko ƙasa, ƙawata. Carafke za mu yi."

"Da girmana? Da jikokina?"

"Ke dai sauko."

Ta sauko. Jifan farko dutsen ya faɗo mata a goshi, sai ga dariya, ta farko cikin wata bakwai. Daga nan kowace Asabar suna baje a kan tabarma, ana gardama ana ihu kamar 'yan firamare. Barci ya dawo, abinci ya soma shiga. Likitanta ma cewa ya yi kada ta kuskura ta daina.

Ana haka kujerar darakta ta faɗi, aka kai sunan Hansai da na Sadiya.

Ranar Litinin sai ga bidiyo yana yawo a wayoyin ma'aikata. Hansai ce zaune dirshan, ɗankwali ya zame, tana ƙyaƙyata dariya. A ƙasa an rubuta: "Mai taɓin hankali za a ba ofis?"

Ita da Sadiya ne kaɗai a falonta ranar da aka ɗauki bidiyon. Abin ya ci Hansai ƙwarai, don ba baƙo ne ya yi mata ba.

Gaban kwamitin zaɓen darakta ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, "Baƙin ciki ya kusa kashe ni, wasan nan ne ya tashe ni. Ku duba aikina." Suka duba, suka ba ta kujerar.

Sadiya ta shigo yi mata murna, tana ta sunkuyar da kai.

Hansai ta dube ta, idonta ya ciko. "Da kin ce kina so, wallahi da na janye miki. Yanzu ki gaya mini, Sadiya, ranar Asabar da wa zan zauna?"

Darasi: Wasa ba na yara kaɗai ba ne, babba ma yana warkewa da shi. Wanda ya sake a gabanka har ya yi dariya, amana ya ba ka, kada ka ci. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe bai yi dariya ba.