Wa Za A Yi Wa Takwara Da 'Yar Barira?

To, ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku, don wannan magana in na kai ƙarshenta ku za ku yanke hukunci.

A wani gari an yi wani mai sayar da tumatir ana ce masa Sallau, mutum mai sanyin hali, da matarsa Barira. Ita Barira in tana sonka har ka ji kunya, abincin bakinta za ta cire ta ba ka. Amma bari Sallau ya yi jinkirin dawowa daga kasuwa. Kafin ya iso ta gama yanke cewa ya gaji da ita, ta fasa tukwane, ta ɗaure kayanta, tana jiransa a zaure. "Malam, ba ni takardata. Na san dama neman hanyar rabuwa da ni kake." In ya yi shiru ta ce raini ne, in ya yi magana ta ce ƙarya ce. Kafin la'asar kuma tana riƙe da ƙafarsa tana kuka kada ya bar ta. Sallau ya rasa inda zai sa kansa. Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. Wasu suka ce sammu ne. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta ce rashin tarbiyya ne kawai, ya sallame ta kowa ya huta.

Barira tana da yaya mace, Hansatu, tana aure a wani gari. Wata rana da hantsi Barira ta kira ta a waya, murya a kwance lumui, ta ce ta yafe mata duk abin da ta taɓa yi mata, kuma zannuwanta na cikin akwati ta bar mata. Hansatu ta san ƙanwarta da ihu da zagi, wannan sanyin ne ya tsorata ta. Ta bar tuwo a kan wuta, ta hau mota, ta sauka ta hau babur. Ta tarar da gidan ba kowa, Barira na zaune a bakin rijiya, ƙafafu a ciki. Hansatu ta rungumo ta ta baya suka faɗi ƙasa tare, Barira ta cije ta a hannu har jini, ita kuwa ba ta sake ta ba sai da mutane suka taru.

Akwai kuma maƙwabciyarsu Kyauta, malamar asibiti. Ita ce ta tsaya a tsakar gida ta ce hayaƙin nan ya isa, a kai Barira wurin likitan ƙwaƙwalwa. Dangi suka yi mata ca, wai tana so a ce 'yarsu mahaukaciya ce, wasu har suka daina gaisawa da ita. Ba ta fasa ba, sai da ta sa Sallau da Barira a gaba har gaban likita. Likitan ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce da Sallau, "A cikin kan kowa akwai wani ɗan sashe, bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba, aikinsa kamar na karen gadi ne, ya ga haɗari ya yi haushi. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke leƙowa ya ce a dakata, ba ɓarawo ba ne. Na matarka karen ko ganye ya motsa sai ya tashi gari, mai tsawata masa kuma yana da nawa. Wani abin gado ne, wani kuma daga ƙuruciya, tun da ta tashi ba uwa, ana yawo da ita gida-gida. Tsoron da take ji na gaske ne." Ya ce babu ƙwayar da za ta cire shi gaba ɗaya, sai koyo, zama bayan zama, kuma da hali ana samun sauƙi. Sallau ya fito yana tuna hayaƙin da suka shaƙa mata, ya kasa haɗa ido da ita.

Sai dai sanin ciwo daban, jinya daban. Barira ta je wurin likita sau biyu ta ce ya tsane ta, ba za ta koma ba. A nan Inna Tabawa, wadda da take cewa a sake ta, ta kwaso kayanta ta tare a gidan. Ta ce da ɗanta in ya furta saki ba da yawunta ba. Kowane mako ita ke jan Barira zuwa asibiti, duk da ciwon gwiwar da tsohuwar ke fama da shi. Barira ta zage ta, ta watsar mata da kaya waje, ta kira ta mayya. Tsohuwa ta tsince kayanta ta mayar ɗaki, ta ce, "Ki gama, 'yar nan. Ina nan, ba inda za ni." Haka aka yi ta yi har damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Barira ta koyi jan numfashi ta bar wutar ta lafa kafin ta yi magana. Takan tashi har yanzu, amma tukwanen gidan sun fara tsufa.

Da Allah ya ba su 'ya mace, Barira ta ce za a sa mata sunan wadda ta cece ta. Nan Sallau ya shiga sabuwar wahala. Hansatu ta nuna masa tabon haƙora a hannunta, ta ce da ta tsaya sauke tuwo da babu mai jego balle jaririya. Kyauta ta ce wanda aka janye daga rijiya yau, gobe ma ya san hanyarta, in ba a gano abin da ke kai shi ba. Inna Tabawa kuwa sai ta daina cin abincin gidan, kuma kowa ya gane.

Sallau ya koma wurin Barira ya ce ta faɗi wadda take nufi. Ta ce, "Malam, in na zaɓi ɗaya, zuciyata za ta ce mini biyun sun tafi ke nan. Ba zan iya ba. Kai ka zaɓa." Ya ce a haɗa sunayen uku, duka ukun suka ce ba a yi wa mutum sulusin takwara.

Safiyar suna ta yi, an raba goro, rago na ɗaure, liman ya miƙo kunne yana jiran a raɗa masa. Sallau na tsugune a gabansa, yana jin da ma namiji aka haifa.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin yayar da ta riƙe ta a bakin rijiya, da maƙwabciyar da ta gano ciwon, da surukar da ta zauna aka yi jinya, sunan wa ya kamata Sallau ya raɗa wa liman?