Maharbin da Ya Shiga Gwajin Ido da Kunne

Akwai wani dattijon maharbi da kowa ke kira Baba Shaho. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, idonsa ne ya jawo masa. Yana saurayi yakan tsaya a kan tudu ya ce wa abokansa, can gindin waccan bishiyar akwai gada, kuma kunnenta na hagu a tsage yake. In an je, a tarar haka ne.

Shekara talatin yana jagorantar maharban yankinsu, kuma doka ɗaya ya kafa musu: ba mai jan kunamar bindiga sai ya ga kan dabba da ƙafafunta.

To, sai shekaru suka fara aikinsu.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta fara lura. Wata safiya ta leƙo ta gan shi a ƙofar gida yana gaida buhun gawayin da aka jingine a bangon maƙwabta, har da tambayar iyali. Da buhun ya ƙi amsawa, Baba ya girgiza kai ya ce mutanen yanzu ba su da tarbiyya.

Mako guda Auta ta yi tana maimaita wa uwarta wannan gaisuwa a kicin, da muryar da tsayuwar da komai. Amma bayan dariyar sai hankalinta ya tashi, domin mutumin da ya gaida buhun nan, da bindiga yake shiga daji. Ta yi ta naci, ta yi fushi, ta yi lallashi, har ya yarda ta kai shi asibitin ido. Ya ce zai je ne kawai don ta rufe masa baki.

A asibitin suka zauna a dogon benci, koren labule ne tsakaninsu da ɗakin gwaji. Ana nuna wa mutum allo mai ɗauke da wata alama mai yatsu uku, shi kuma ya faɗi inda yatsun suka kalla. Alamun suna ƙara ƙanƙancewa har layin ƙasa. Wani direba mai lafiyayyen ido ne a ciki, muryarsa na fitowa tar:

"Sama. Dama. Dama. Ƙasa. Hagu."

Baba Shaho ya karkata kai. Mutumin da ke rarrabe motsin zomo da na ƙadangare a cikin busasshen ganye, wannan ai ba aiki ba ne a wurinsa. Kafin direban ya fito, ya haddace allon kaf.

Likitar yarinya ce mai sanyin murya. Ta gaishe shi da ladabi, ta zaunar da shi, ta rufe masa ido ɗaya. Baba bai ma jira ta ɗaga sandar nuni ba, ya zubo karatu tun daga sama har layin ƙarshe, ya gyara zaman hularsa, ya kalli Auta.

Abin da bai gani ba shi ne, likitar ta hango leɓensa na motsi ta gefen labule tun ɗazu, ta kuwa juya allon ta ɗaya fuskar.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye sandar a hankali ta ce, "Baba, Allah ya bar maka kunnen nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Ranar da ka shirya mu duba idon ma, kujerar nan taka ce."

Auta ta cusa bakin mayafi a baki. Da suka iso ƙofar gida, Baba ya ce likitar nan wayonta ya yi mata yawa.

Ranar Asabar aka fita farauta. A cikin maharban akwai wani ƙaƙƙarfan matashi da ake kira Tartsatsi, mai saurin hannu da saurin baki, wanda ya daɗe yana hangen jagorancin.

Hantsi bai gama dubawa ba karnuka suka taso wata ƙatuwar barewa, ta fito fili ta tsaya cak. Harbin farko na jagora ne, don haka kowa ya riƙe numfashi. Baba Shaho ya ɗaga bindiga, ya kwantar da kunci a kanta.

Wani abu ja kawai ya gani, kamar an shafa laka a bango. Ba kai, ba ƙafafu. Zuciyarsa ta ce masa harba kawai, barewa ce mana, kuma mutum bakwai ne ke kallonka.

Ya sauke bindigar. Barewa ta kaɗa wutsiya ta yi gaba.

"Baba," in ji Tartsatsi, "ko jira kake ta zo ta gabatar da kanta?"

Aka kwashe da dariya. Ƙarya uku ta zo wa Baba a lokaci guda: rana ce ta haske masa ido, kunama ce ta cije, barewar ciki gare ta. Kowacce ya faɗa za a yarda, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya haɗiye su duka.

"Ban gan ta ba," ya ce. "Abu ja na gani, shi ke nan. Kuma dajin nan ba namu ne mu kaɗai ba. Akwai masu itace, akwai masu tonon saiwar magani irin surukinka. Daga yau kai ne a gaba, har sai na gyara idona."

Ya cire harsashi ya zuba a aljihu. Dariyar ta mutu da kanta.

Ranar Litinin, mai shara bai gama share barandar asibiti ba ya tarar da Baba Shaho a kan benci, shi kaɗai. Da likita ta iso, ya shaida mata ya yi sammako ne don kada ya ji amsar kowa.

A layi na biyu karatu ya tsaya. Likita ta yi ta sauya masa madubai, wannan ya fi ko wancan, har layin ƙasa ya fito masa ɓaro-ɓaro. Sannan ta ja kujera ta tambaye shi aikinsa, ta jera masa abin da zai zaɓa.

Akwai tabarau mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa. Ya gwada, ya yi taku uku, ya ji kamar ƙasa ta taso za ta gaishe shi. Ya ce a daji wannan cikin rami zai jefa shi.

Akwai ɗan madubin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, amma yana son hannu mai tsafta ƙwarai. Baba ya shimfiɗa mata tafukansa, duk kanta da tsagewa. Ta kalla, shi ma ya kalla, aka wuce wurin.

Batun tiyata kuwa, ta ce idonsa bai kai nan ba tukuna.

Aka tsaya a kan tabarau na hangen nesa zalla, mai faɗi, na roba mai tauri da ba ta tarwatsewa, wanda ke yin duhu in rana ta yi zafi, da igiyar da za ta riƙe shi ta ƙeya.

Baba ya miƙe zai tafi, sai ta ce saura abu ɗaya. Ta aika aka karɓo sandar tsintsiyar mai shara, ta miƙa masa, ta ce ya nuna mata yadda yake saita bindiga.

Ya dube ta, ya dubi sandar. Jagoran maharba, da sandar shara, a gaban marasa lafiya. Amma ya karɓa, ya kafa ƙafa, ya kwantar da kunci, ya auna agogon bango. Likita ta zagayo da alƙalami ta ɗiga ɗigo a can saman madubin gwaji, kusa da hanci.

"Ka ga, Baba, in kana saiti ba ta tsakiya kake kallo ba, ta nan kake kallo. In ban yi la'akari da wannan ba, a gida za ka gani, a daji ka rasa."

Tun daga ranar ya daina cewa wayonta ya yi yawa. Ya koma kiran ta 'yata.

Ranar da ya sa tabarau, ya daɗe a tsakar gida yana kallon ganyen bishiya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo ya dubi matarsa ya ce ashe haka furfura ta cika mata kai. Ta ce ya cire abin nan ya mayar musu.

Maharba ma ba su bar shi ba. Suka sa masa Ido Huɗu. Tartsatsi yakan zagaye idanunsa da yatsu ya ce malam ya zo duba jarrabawar zomaye. Baba sai ya goge madubinsa da bakin riga ya bi bayansu, don bai nemi a mayar masa da jagoranci ba.

Fita ta uku, suna bin gefen wani busasshen rafi, Tartsatsi ya ɗaga hannu. Can cikin ciyawa wani abu ja yana sunkuyawa yana ɗagowa, kamar gada tana kiwo. Tartsatsi ya ɗaga bindiga.

Baba Shaho ya duba. Ya ga jan, sannan ya ga faci a jikin jan, an ɗinke shi da shuɗin zare. A ƙasa kuma dunduniyar takalmin roba.

Bai tsaya magana ba. Ya kai hannu ya doke bakin bindigar sama, harbin ya tashi cikin rassan bishiya, tsuntsaye suka watse.

Daga cikin ciyawa wani tsoho ya miƙe da 'yar fartanya da jakar saiwoyi, sanye da jar riga. Surukin Tartsatsi ne, baban matarsa, wanda kunnensa ya yi nauyi tun bara. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce ikon Allah, tsawa ba hadari.

Tartsatsi ya zauna daɓas a ƙasa. Kowa ya juyo yana jiran abin da Baba zai faɗa, don yau dai rana ta ba shi. Baba ya ɗauki bindigar matashin, ya cire sauran harsashin, ya miƙa masa gorar ruwa. Iyakar abin da ya yi ke nan.

A hanyar dawowa sai aka ga maharba sun ja baya ɗaya bayan ɗaya, har Baba ya koma gaba. Can Tartsatsi ya matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa, ya ce shi ma ya kai shekara abin nesa na yi masa dishi-dishi, kunya ce ta hana shi faɗa. Wace rana likitar take zama?

"Litinin da Laraba," in ji Baba Shaho. "Ka je da wuri. Kuma kada ka wahalar da kanka da sauraren na gabanka, ɗana. Juya allon take yi."

Darasi: Faɗin "ban gani ba" ba ya rage girman mutum, ɓoyewar ce ke iya cin ran wani. In idonka ya fara gazawa, je a duba shi da gaskiya, ka kuma gaya wa likita ainihin aikin da kake yi, don a zaɓa maka abin da ya dace da kai. Ku tura wa maharba, direbobi da duk wani dattijon gidanku da ya fara gaida buhu.