Sadaukarwar Malam Isiyaku

Ku gyara zama, amma kada wanda ya yanke hukunci sai na dire.

A Funtuwa an yi wani dattijo, Malam Isiyaku, wanda a ƙuruciyarsa ya rubuta littattafai a kan wani ɗan sanda mai bincike, Sufeto Gwadabe. An karanta su sosai, sannan aka manta. Tun da matarsa Laure ta rasu ya daina magana, tuwo ma sai ya kalla ya ture. Likita ya ce jikinsa lafiya lau, zuciyar ce ta gaji. Shi kuwa gani yake duniya ta gama da shi. 'Ya'yansa uku suka ce ba su yarda ba.

Babbar, Turai, ta buɗe akwatin littattafan ta tarar gara ta cinye su, maɗaba'ar kuma ta daɗe da rufewa. Ta bar shagonta ta shiga gari-gari, Gusau, Zariya, har Maraɗi, tana bin tsofaffin makaranta. Wani ta same shi ba bango, wani ta ƙwato shi a hannun mai ƙosai ana yagarsa ana ƙunshi. Haka ta haɗa su duka, shafi bayan shafi.

Na biyu, Sagir, mai ɗaukar bidiyon biki ne. Shi ya zauna ya mayar da littattafan wasan kwaikwayo, ya yi ta yawo gidajen talabijin ana ce masa labarin tsofaffi ne. Bai yi zuciya ba, har wata tasha ta ce ya kawo a gwada.

Sai aka rasa wanda zai fito a Sufeto. Duk ɗan wasan da aka gwada, sai ya yi ta zare ido yana tsawa. Autansu Nazifi, tela ne da ko gaisuwa a taro kunya take ba shi, ya karanta ya ce, “Yaya, wannan ai Baba ne.” Ya karkata hula, ya yi ɗan tarin nan na mahaifinsu, ya tambayi mai laifi a hankali kamar mai tambayar lafiyar gida. Nan take aka ba shi.

Ranar da aka fara nunawa, bayan la'asar, suka ajiye talabijin gaban dattijo. Da fari bango yake kallo. Da ya ji tarin, ya waiwayo. Ya ga kansa yana saurayi. Can Sufeto ya cafke ɓarawon gwal a tashar mota, sai tsoho ya buga tabarma.

“Kai! A kasuwa ya kama shi! Wa ya ce muku tasha?”

Turai ta fashe da kuka, Sagir ya ce, “A yi haƙuri, Baba, 'yan kasuwa sun hana mu ɗauka a can.” Tsoho ya yi ta faɗa, yana faɗan yana cin tuwo, har ya nemi ƙari.

Da ya murmure ya rubuta littafinsa na ƙarshe. Ya ce shafin sadaukarwa suna ɗaya zai ɗauka, don tarin sunaye a wurinsa rowar godiya ce. Ya ɗaga biro ya dubi Turai, ya dubi Sagir, ya dubi Nazifi, hannunsa ya tsaya.

To jama'a, sunan wa zai rubuta?