Kalmomi Biyar da Dutse Ɗaya

Akwai wani manomi wanda uwarsa ba ta san garinsu ba. A shekarar wata babbar yunwa aka tsince ta a bakin hanya, tana 'yar shekara biyar, zaune kusa da wata mata da ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Waɗanda suka ɗauke ta suka sa mata suna Kyauta, suka rene ta, suka aurar da ita. Ta haifi manomin nan, ta ga jikoki, ta tsufa, idanunta suka dushe. Mutane sukan ce mata ta gode wa Allah, tana kuwa godewa. Sai dai in an yi baƙo mai wani yare, takan karkata kunne har ya tashi, ranar kuma ba ta cika cin abinci ba.

Abin da ta fito da shi daga garinsu bai cika tafin hannu ba: kalmomi biyar, da al'ada guda. Kullum da yamma in an kwashe tuwo, takan sa malmalar farko a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora ɗan dutse a kai, ta ajiye a ƙofar gida. "Na wanda yake hanya ne," in ji ta. Tun ɗanta yana ƙarami ta koya masa cewa mai cin wannan tuwo ba ya sallama, ba ya godiya, dutsen kawai yake sawa cikin ƙwaryar ya wuce. Tabita, matar manomin, ta yi shekara ashirin tana lura cewa wanda yake hanyar nan yawanci ƙafa huɗu gare shi, da ƙaho.

Wata rana bayan girbi tsohuwar ta kira ɗanta ta ce, "Kai, ban tabbata zan ga wata damina ba. Ba na so in je gaban Ubangiji a tambaye ni daga ina, in ce daga bakin hanya."

Ya ce, "Inna, ai ya sani."

Ta ce, "Shi ya sani. Ni ce ban sani ba."

Sai manomin ya kama ragonsa mafi ƙiba don gaisuwar dangi, ya biya wurin Malam Sila, malamin majami'arsu, mutum mai karatu, ya rubuta masa kalmomin a takarda. Ta farko baba ce. Uku sun yi kama da albasa, da sabulu, da lafiya. Ta biyar gajeriya ce, ma'anarta ruwa.

Malam Sila ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Ɗan'uwa, baba na bakin jariri ne. Yaro ya buɗe leɓe ya rufe, ubansa ya ce da ni yake, haka ake yi kusan ko'ina. Albasa da sabulu da lafiya kuwa mu ma aro muka yi, daga Larabci suka zo tare da fatake, har ƙasar Yarbawa za ka ji alubosa da alafiya. Gajeriyar kalma kuma, harsunan duniya dubbai ne, bakin mutum ɗaya ne, dole wasu su yi karo."

"To Malam, kada in je ke nan?"

"Ka je mana. Ni dai da ragon zan bari a gida."

Bai bar ragon a gida ba.

Kwana tara yana bin kasuwanni, yana karanta wa mutane takardarsa, har ya isa wani gari a bakin kogi. Nan ya faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, aka amsa masa duka biyar. Ya zauna a ƙasa, ya tuna da tsohuwar da ya baro tana karkata kunne. Mutanen garin suka ce, "Maraba da ɗanmu." Aka yanka ragon, aka ci, aka yi ta sa albarka.

Da nama ya ƙare, manomin ya tambayi dattawa ko wane gida ne ya rasa yarinya a shekarar yunwa. Suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Yunwar nan mun ji labarinta. Mu muna da kogi." Wata mata mai sayar da gishiri ta ji tausayinsa ta ce, "Bawan Allah, garin gaba ma haka za su amsa maka, da na gaba da shi. In kana da raguna, dangi ba za su ƙare ba." Da yamma ya zaga garin yana duban ƙofofi. Bai ga ƙwarya ko ɗaya ba.

Kunya ta hana shi komawa ta kasuwannin da ya bi, sai ya yanke ta cikin duwatsu. Guzurinsa ya ƙare. Da almuru ya shiga wani ƙauye inda bai ji ko kalma ɗaya ta maganarsu ba. Ya gwada takardarsa don sabo. Da ya ce baba, maza uku suka waiwayo, kamar yadda za su waiwayo a kowane gari. Sauran huɗun ba wanda ya gane. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Yana shirin neman inda zai kwana, sai ya ga ƙwarya a ƙofar wani gida, da faifai, da dutse a kai. Yunwa ba ta bar shi ya yi dogon tunani ba. Ya tsuguna ya ci, ya sa dutsen cikin ƙwaryar, ya miƙe zai wuce. Wani tsoho da yake zaune a gindin bango ya riƙe masa riga, ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Wa ya koya maka?"

"Uwata."

"Baƙo yana ci, yana jefar da dutse. Na gida yana sawa ciki."

Da ƙyar, da hannu da baki, tsohon ya bayyana masa cewa a ƙauyen nan gidan da ya rasa mutum, ba a ga gawarsa ba, ba ya daina ajiye masa tuwo. Gida uku ne suka rage suna yi, dukansu kuwa 'ya'ya mata suka rasa a shekarar yunwa. Ko wacce ce Kyauta a cikinsu, ba wanda ya iya tabbatarwa. Tsohon ya ce tun da a ƙofarsa aka ci tuwon, Kyauta ƙanwarsa ce, magana ta ƙare. Manomin ya tambaye shi kalmar ruwa. Tsohon ya ce ba tasu ba ce, ta mutanen da suke can ƙasan duwatsu ce, watakila a hanya ta koye ta, wurin roƙo.

Suka taho tare. Da suka iso, tsohon ya yi wa Kyauta magana mai tsawo da yarensu. Ta karkata kunne har ya gama, sa'an nan ta ce wa ɗanta a hankali, "Ban ji komai ba." Da aka kwashe tuwo, ta lalubi ƙwaryarta kamar kullum, ta nufi ƙofa. Tsohon ya tare ta, ya ciro dutsen ƙofar gidansu daga aljihu, wanda shekara sittin da wani abu ana ɗauka ana ajiyewa har ya yi sumul, ya sa mata a tafin hannu kusa da nata. Ta daɗe tana shafa su. Sa'an nan ta zauna, ta buɗe faifan, suka sa hannu a ƙwarya ɗaya. Ranar awakin Tabita ba su samu rabonsu ba.

To, ga ma'anar wannan misali. Tsohuwar nan ran mutum ce, wanda yake marmarin gidan da ba ya iya tunawa, ko da yana ƙoshi. Kalmomi biyar ɗin kuwa su ne maganganun da muke tsammani da su ake gane 'ya'yan Allah: amin, da albarka, da ɗan'uwa cikin Ubangiji. Kalmomi ne masu kyau, ban hana kowa faɗinsu ba. Amma suna tafiya kamar albasa, duk inda aka kafa kasuwa za ka same su, wanda zai cinye ragonka ma ya iya su sarai. Abin da ba a arowa shi ne abin da hannu ya saba yi sa'ad da ba mai kallo. Gidan Ubanmu kuma bai taɓa daina ajiye rabon wanda ya ɓace ba, ko da ya manta yaren gida ƙaf.

Kowannenmu yana da wanda yake hanya: ɗan da ya daina zuwa, ƙanwar da aka yi fushi da ita tun bikin wane. Sunansu kam muna ambata a addu'a, da kalmomi masu daɗi. Yau da yamma in an kwashe tuwo, ku duba ko akwai nasu.