Dalilin da Ya Sa Ramin Taki Ke Fitar da Kumfa

Dalilin da ya sa kuke ganin kumfa na tasowa daga ramin taki, yara ku matso ku ji.

A da can, kashin shanu ba ya ruɓewa, inda saniya ta ajiye shi nan yake zama. A lokacin akwai wata tsohuwa, Marka, mai noman albasa a fadama. Ƙasarta ta gaji, albasar ba ta wuce girman goro, ga shi da ita take ci.

Wata safiya tana haƙar laka sai ta ji murya ƙasa-ƙasa. 'Yan Mitsil ne, halittun da ido ba ya gani, masu zama inda iska ba ta kaiwa.

"Iya, zuba mana kashin shanu a rami, ki jiƙa, ki liƙe da laka. Mu ci, mu bar miki taki. Amma kada ki buɗe sai mun kira ki, iska ajalinmu ce."

Marka ta yi yadda suka ce. Sai ɗari ya sauka. Lokacin dashe ya zo, maƙwabta suka dasa, ramin shiru. Kullum sai ta kara kunne a laka, ba motsi. Marka ba muguwa ba ce, tsoron yunwa ne ya ci ƙarfinta. Ta ɗauki fartanya ta fasa murfin.

Iska ta shiga, 'Yan Mitsil na sama duk suka mutu.

Can ƙasa muryar ta ce, "Haba Iya! Muna aiki fa. Sanyi ne ya riƙe mana haƙora."

Marka ta durƙusa tana hawaye. "'Ya'yana, ban ji motsinku ba ne."

"To, daga yau duk wanda ya haɗiye loma zai yi numfashi, ki gani a sama ki san muna raye. Amma magana da ɗan Adam, mun gama."

Ta sake liƙe ramin. Sauri ya haifi nawa, dashen shekarar ya wuce ta. Da shekara ta zagayo ta sami taki, albasarta ta kai dunƙulen hannu, amma kullum ta gaishe da ramin ba mai amsawa, abin ya tsaya mata a rai har ta mutu.

Shi ya sa har yau ramin taki ke kumfa, da zafi bul-bul-bul, da sanyi jefi-jefi. In kun ga ya yi shiru, ku bar fartanya ta huta. Suna ciki, suna tauna.